Neman shawara: kamarori na ɗaukewa da daddare, rak ɗin kuma ya cika ya yi zafi

Ɗan_Kurna ya rubuta:

Assalamu alaikum ƴan uwa masu harkar netwok, dan Allah shawara nake nema. Ni asalin aikina haɗa CCTV ne da sola, netwok ɗin sama-sama na iya shi. Wata makarantar kuɗi ce a nan Kano aka kira ni, wanda ya yi musu aikin farko ya bar gari kuma lambarsa ba ta shiga, shi ne mai makarantar yake so in gyara abin da ke ƙasa sannan in kai masa netwok sabon ɗakin kwamfuta da ya gina can bayan filin ƙwallo.

Ga abin da na tarar. Rak ne na bango, wato akwatin ƙarfen da ake jera kayan netwok a ciki, mai 9U (hawa tara) a ofishin akawu, a sama dab da silin, ɗakin kuma rufin kwano ne ba AC sai fanka. A ciki akwai suwic (na'urar da ke haɗa wayoyin netwok) mai PoE, wato mai ba kamara wuta ta wayar netwok, mai fot (ramin soka waya) 24, wanda ko sunan kamfani na kirki babu a jikinsa, kamara 16 da akses foyin (masu ba da Wi-Fi) 4 duk a kansa suke. An ɗora NVR (na'urar da ke naɗar hoton kamarori) kai tsaye a kansa, a kan NVR ɗin kuma an ajiye wani ɗan suwic na roba mai fot 8, sai rauta, sai UPS (mai batirin riƙe wuta in an ɗauke) 650VA da aka cusa a ƙasa a kwance. Wayoyin daga silin suka sauko aka kirimfa musu kai aka soka, ba facin fanel (allon da ake tara wayoyin bango a jere) ba lamba ba komai, ƙofar ma ba ta rufuwa saboda waya ta tokare ta.

Matsalar kuwa, da an yi magariba sai kamara huɗu ko biyar su ɗauke, kuma ba wai kullum su ne dai ba, yau waɗannan gobe waɗancan, da gari ya waye su dawo da kansu. Da rana kuma wajen ƙarfe biyu zuwa uku suwic ɗin yakan mutu ya tashi, in ka taɓa saman shi wallahi ba ka iya barin hannunka. Sannan wani lokacin sai komai ya tsaya cak, fitilun fot-fot ɗin duka su riƙa ƙiftawa tare da gudu, sai an zare wuta an mayar, wani sa'in ma ko an mayar ba ya saki. Sabon ɗakin kuma na auna da ƙafa zai kai mita 140, kwamfuta 40 za a sa.

Alhajin ya ce in je Beirut Road in sayo sabon suwic kawai a wuce wajen. Ni kuma tsorona kar in sa shi ya kashe kuɗi bayan sati biyu a kira ni a ce abin ya dawo. Me kuke gani, daga ina zan fara?

Mai_Testa ya rubuta:

Wslm. kafin kowa yace komai ka duba bayan suwic din ko kasansa ka fada mana watt nawa aka rubuta, sannan ka duba takardar jikin kamara daya da ta akses foyin daya. kuma wayar da akai aikin da ita ka kankare daya da reza ka gani, in cikin fari ne to CCA ce, wato alminiyam da aka shafa wa jan karfe, ka fara shirin kuka

Ɗan_Kurna ya rubuta:

Na duba oga. A bayan suwic ɗin 120W aka rubuta. Kamarorin an sa max 9W, akses foyin ɗin kuma 13W. Wayar na kankare guda uku, biyu ja ne har ciki, ɗaya kuwa da na kankara sai ga fari ya fito, ita ce mai zuwa bakin get.

Injiniya_Zazzau ya rubuta:

Wa alaikumus salam ƙanina. To ai ka ba wa kanka amsa ta farko, lissafi kawai ya rage. Kamara 16 sau 9 ya ba ka 144, akses foyin 4 sau 13 ya ba ka 52, ka ga 196 kenan a kan suwic ɗin da aka rubuta wa 120, kuma irin waɗannan marasa sunan sau da yawa 120 ɗin ƙarfin fawa saflai ɗin ne gaba ɗaya har da abin da shi kansa suwic ɗin yake ci. Da rana kamara ba ta cin wuta sosai shi ya sa kowa ke lallaɓawa, da duhu ya yi sai fitilun infrared su kunna gaba ɗaya a lokaci guda, cin wutar ya tashi, suwic ɗin ya fara yanke wasu fot don ya tsira da ransa. Shi ya sa kake ganin magariba ce lokacin. Ba aljanu ba ne, ba kuma NVR ba ne. In kana so ka tabbatar ba tare da an kashe ko sisi ba, yau da yamma ka cire akses foyin huɗun nan da kamara uku ko huɗu daga kansa ka zauna ka ga ko sauran za su ɗauke.

Abin da mutane ba sa lura da shi wajen sayen suwic na PoE shi ne yawan fot daban, kasafin wuta daban. Ma'aunin 802.3af yana ba da har 15.4W a fot ɗaya, 802.3at wanda ake ce wa PoE+ yana ba da 30W, sai 802.3bt mai kai 60W da 90W. Amma wannan na fot ɗaya ne, jimillar da suwic zai iya bayarwa ita ce maganar. Misali UniFi USW-24-PoE kasafinsa 95W ne, suwic ne mai kyau kuma shiru don ba shi da fanka, amma ba na aikinka ba ne. TP-Link TL-SG2428P yana da 250W, Cisco 2960-X 24PS-L yana da 370W wato kusan 15.4 sau 24, MikroTik CRS328-24P-4S+RM kuma wajen 450W. Kai da kake da 196 kar ka sayi ƙasa da 250, ni ma da zan samu sai in haura, don na san masu makaranta, kana gamawa zai ce a ƙara kamara a masallaci da kicin.

To amma ni abin da zan ce maka, ko wanne ka saya in ka mayar da shi cikin wannan akwatin yadda yake, kashe shi za ka yi. Yawancin waɗannan suwic ɗin iyakar zafin da aka yarda su yi aiki a ciki 40 ne zuwa 45 ko 50 a ma'aunin Celsius, kai kuma kana Kano inda a watan Afrilu waje ma yana haura 40, sannan ga rufin kwano, ga rak a dab da silin inda duk zafin ɗaki ke taruwa, ga NVR an ɗora masa a gadon baya, ga UPS na hura nasa daga ƙasa. Tuwo ne a tukunya an rufe da murfi, dole ya tafasa. Mutuwar da yake yi ƙarfe biyu na rana daga nan ne.

Rak ɗin ma ya yi kaɗan, mu ƙirga. Facin fanel 1U, mai tattara waya 1U, suwic 1U, kanta ta NVR 2U, kantar rauta 1U, wajen faiba (wayar gilashi mai aika saƙo da haske) 1U, soket ɗin rak 1U, takwas kenan, U ɗaya kacal ya rage wa iska. Ka nemi 12U ko 15U, kuma ka kula da zurfi, wannan shi ne inda ake shan kunya. Faɗin kam duk ɗaya ne, inci 19, kowane U kuma inci 1.75 wato milimita 44.45, amma zurfi akwai milimita 450 akwai 600. Suwic na PoE mai ƙarfi yana da tsawo ta baya, in ka ƙara kan wayar wuta da ke fitowa a baya da lanƙwasar facin kod (gajerun wayoyin haɗi) a gaba sai ka ga 450 ɗin ya ƙi rufuwa. Ɗauki 600 ka huta.

Wajen kafawa ka sauko da shi daga silin, ya zama kana tsaye kana ganin fitilun fot ba sai ka hau tebur ba, ka bar sarari a gefe da gefe don yawancin ƙananan suwic ta gefe suke shaƙa su fitar. In bangon bulo ne mai rami kar ka yarda da fisha ta roba, ka sa rol bolt na ƙarfe a inda ya samu siminti, ko ka fara kafa katako mai kauri ka ɗaura rak ɗin a kansa. UPS kuma kar ya shiga rak na bango sam, nauyi ne da zafi, ƙasa ne wajensa a kan ɗan benci.

Ga wani ɗan abu da ke ba sababbin hannu wahala. Ramukan jikin ƙarfen rak uku-uku ne a kowane U kuma tazararsu ba ɗaya ba ce, akwai inda ramuka biyu suka fi matsowa kusa da juna, to tsakaninsu nan ne iyakar U. In ka fara daga ramin da ba shi ba sai ka ga sukurun sama ya shiga na ƙasa ya ƙi, ka yi ta zagin maƙerin rak alhali shi ba ruwansa. Notin nan mai ɗan keji ta ciki ake saƙala shi, ka sa sukundireba mai faɗin baki ka danne kunnensa, kar ka gwada da farce. Kunnuwan suwic kuma ka ɗaura su da sukurun da suka zo a kwalinsa, in ka sa wanda ya fi tsawo yana iya taɓo allon ciki. In za ka ɗora, wani ya tallabe maka ta ƙasa, ka fara ɗaure sukurori biyu na ƙasa, su ne ke riƙe nauyin, sannan na sama.

Sai facin fanel. Wayar da ke cikin bango mai silli ɗaya ce mai tauri, an yi ta ne a danna ta a bayan fanel ta zauna har abada, ba a yi ta don a riƙa zarewa ana sokawa ba. Ka bi tsarin jera launukan waya na T568B a duka ɓangarorin biyu, kar ka warware murɗin fiye da milimita 13, ka bar ragowar waya kamar mita ɗaya a naɗe a baya saboda gobe. Daga fanel zuwa suwic kuma gajerun facin kod na kamfani. Ita kuma wayar bakin get ɗin nan mai farin ciki, alminiyam ce aka shafa wa jan ƙarfe, tana riƙe wuta tana zafi kuma tana karyewa a bakin kai, PoE ba ta son ta ko kaɗan, ka zare ta ka ja sabuwa, ka kuma bi sauran wayoyin da ba ka kankara ba.

Basakkwace ya rubuta:

Injiniya ya gama magana, Allah shi ƙara sani. Ni dai wurin wuta ni ka son in ƙara, don nan ne munka hi shan wahala wajenmu. UPS 650VA wanga da kag gani, batir guda na ciki 12V 7Ah, in ka lissafa bai wuce 84Wh ba, kuma 650 ɗin VA na ba watt ba, ainihin abin da shi ka ɗauka bai kai 400W ba. Ka aza mai suwic da NVR da rauta, minti kaɗan na ya mutu, in ma batirin na da rai kenan. Batir irin wanga kuwa in zahi ya hi 25, duk ƙarin kamar digiri 10 rabin rayuwatai na ka tahiya, to ka duba shi kwance cikin akwati ƙarƙashin kwano.

Tunda kai mai sola na, ai gida anka zo. Ka ja ma rak ɗin layi nashi shi kaɗai daga inbata mai fiyo sayin web, ka sa inbatar a yanayin UPS don kar suwic shi mutu lokacin da anka ɗauke wuta ko anka juya zuwa janareta. In Alhaji na da hali a sa onlayin UPS tsakani, shi ne ka tace wutar janareta mai hawa da sauka. Kuma kar wani shi zo shi soka hita ko dutsen guga ga soket ɗin rak, na ga inda masinja ka dahwa ruwan shayi da shi. Ka manna takarda, in ta kama ka sa makulli.

Sai atin, wato wayar da ka kai wuta ƙasa. Bayan suwic akwai wani ɗan sukuru da alamar ƙasa, mutane ba su ko kallonai. Ka ɗaura mai waya koriya da rawaya zuwa jikin rak, rak ɗin kuma zuwa atin na ginin, in ginin ba shi da na kirki a kahwa sanda a haɗe su wuri guda. Kamarorin waje da ke bisa katanga da get ka sa musu abin kare tsawa na PoE. Damina na zuwa, tsawa guda ta isa ta cinye maka fot takwas a jere, kuma ba sai ta faɗo bisa ginin ba, kusa ma ya isa.

Maganar mita 140 kuwa kar ka ko soma da Cat6, wato wayar netwok ta jan ƙarhe. Iyakarta mita 100 na, 90 cikin bango 10 na facin kod.

Mai_Testa ya rubuta:

amma fa akwai suwic masu maballin extend suna kaiwa mita 250, ni nasha yi a gidajen gona yana aiki lafiya lau, ba sai an wahalar da bawan Allah da faiba ba

Basakkwace ya rubuta:

Shina kaiwa malam, amma gudun 10Mbps shi ka komawa. Kamara guda ga gidan kaji ta wadatu da hakanga, kwamfuta 40 hwa? Kuma ko da ta kai, jan ƙarhe tsakanin gini biyu ta tsakiyar hili hanya ce ka shimfiɗa ma tsawa har cikin rak. Faiba gilashi ta, wuta ba ta bin ta.

Hajiya_Sisadmin ta rubuta:

Sannunku da ƙoƙari. Na ga kowa ya tafi kan wuta da zafi an bar matsala ta uku, wadda ni a ganina ita ce za ta fi ɓata maka suna, don ita ko ka sayi suwic na miliyan nawa in ba ka saita shi ba za ta dawo. Fitilu duka suna ƙiftawa tare da gudu, komai ya tsaya, wannan luf ne. Wani ya ɗauki waya ɗaya ya soka kanta biyu a suwic ɗaya, ko ya haɗa soket biyu na bango da juna, sai saƙon burodkas, wanda ake aika wa kowa, ya yi ta zagaye yana ninkuwa har ya cinye layin. A makaranta kuwa wannan kullum ne, yaro ya ga waya tana lilo ya ga rami, ko mai shara ta ga kan waya a ƙasa ta ce bari ta taimaka ta mayar da shi inda ya fito. Ka zagaya ofis-ofis ka leƙa ƙarƙashin tebura, ina kyautata zaton za ka samu wani ɗan suwic ko tsohuwar rauta da wani malami ya kawo daga gida.

Saboda haka duk wanda za ka saya ya zama manejd, wanda ake shiga a saita. Ka kunna RSTP, tsarin da ke hana luf, fot ɗin da ke zuwa wajen kwamfuta da kamara ka mai da su na gefe (edge) ka sa musu BPDU guard mai kashe fot in an yi luf, in akwai loopback detection shi ma ka kunna. A Cisco spanning-tree portfast da spanning-tree bpduguard enable ne a kan fot ɗin, in aka yi luf fot ɗin kaɗai zai faɗi ya koma err-disabled, sauran makaranta na aiki, kai kuma kana buga show interfaces status ka ga wane ɗaki ne. Fot ɗin da ba a amfani da su ka kashe su. Ɗan suwic na robar nan mai fot 8 kuma ka cire shi daga rak ɗin kwata-kwata.

Ka raba VLAN, wato ka kasa netwok ɗin kashi-kashi a cikin suwic, ko guda uku ne, ofis daban, kamarori da NVR daban, ɗalibai daban. Ba don burga ba, yaran sakandare na yanzu akwai masu kai, in kwamfutar ɗakin karatu tana ganin NVR da kwamfutar akawu to wata rana za ka ji labari. Fasuwod ɗin da kayan suka zo da shi duk ka canza.

Sai lamba. Dan Allah malam ka sa lamba. Kowace waya kai biyu, lambar da ke soket ɗin bango ita ce a facin fanel, ka rubuta a takarda fot kaza ɗaki kaza VLAN kaza, ka sa a leda ka manna a cikin ƙofar rak, ka ɗauki hotonta a waya. Kai kanka yanzu wahalar da kake sha ai ta rashin wannan ce. Kuma ba salatif na takarda da biro ba, zafi na ɗaye shi cikin wata biyu, ka samu injin lebul ko maka mara gogewa. Ɗaurin waya ka yi da maɗauri mai mannewa, in ma tayirap za ka sa kar ka ja shi har ya shaƙe wayar.

In ka gama saiti kar ka manta da sebin, a Cisco copy running-config startup-config, a TP-Link ma akwai maɓallin Save a sama wanda in ba ka danna ba ana ɗauke wuta komai ya tafi. Ka sauke kwafin saitin ka ajiye a filasha da imel.

Mai_Testa ya rubuta:

to tunda an koma Cisco, ni shawarata ka nemi 2960-X na hannu, suna nan birjik a Computer Village ta Legas ana turowa Kano, karfe ne ba wasa, kudinsa ma bai kai sabon TP-Link ba wani lokacin

Injiniya_Zazzau ya rubuta:

Ƙarfe ne kam ban musa ba, ni ma da su na koyi aiki. Amma ka duba wa kake ba shawara. Cisco ta daina sayar da 2960-X tun 2022, duk wanda ka gani a kasuwa ya yi shekaru yana aiki a wani wajen, ba garanti, fankarsa da fawa saflai ɗinsa sun sha hidima, kuma yana da ƙara, akawun da zai zauna da shi a ɗaki ɗaya sai ya tsine maka. Sannan yawanci saitinsa sai da wayar konsol da manhajar PuTTY a gudun 9600, ana buga umarni da hannu, ɗan uwanmu kuma ya ce netwok sama-sama ya iya. In ya tafi wa zai riƙe musu? Ni a wannan aikin sabo mai shafin saiti a burauza zan saya. In kuma dole sai na hannun, to kar ka biya sai an kunna a gabanka, ka buga show version, show env all ka ga fanka da zafi, show power inline ka ga kasafin, sannan ka bi fot ɗin ɗaya bayan ɗaya da kamara a hannunka, don akwai wanda data ke wucewa amma PoE ɗin fot ɗin ya ƙone.

Hajiya_Sisadmin ta rubuta:

Ni kuma a nan ina tare da Mai Testa rabi, wanda bai taɓa konsol ba yaushe zai koya in ba a irin wannan ba? Amma ya saya na kansa ya ajiye a gida ya yi ta wasa da shi, ba a kan kuɗin Alhaji ba.

Abin da ban ga an taɓo ba shi ne bayan an gama. Ka yi yarjejeniya da makarantar tun yanzu a kan zuwa dubawa, a rubuce, da kuɗinsa, in ba haka ba kyauta za ka yi ta yi. Ƙurar hunturu ita ce babbar abokiyar gaba, tana shiga ta toshe ramukan iska ta daskare a fikafikan fanka. Wasu sai su cire ƙofar rak wai ya sha iska, to ya sha iska ya sha ƙura, yara kuma su samu abin wasa. Gara ƙofa a rufe, fankokin saman rak suna jan zafi waje, ƙasa kuma a sa soso mai tace ƙura wanda za a riƙa wankewa. Lokacin hunturu duk wata, sauran shekara duk wata uku ya isa. Ka kashe suwic ɗin, ka hura da bulowa daga nesa kaɗan, ka tokare fankar da tsinke kar iska ta juya ta fiye da ƙima. Ramin da wayoyi suka shigo ta silin ka toshe shi, ɓera na bi ta nan, tsaka ma na shiga fawa saflai ta mutu a ciki ta tafi da shi, zanzaro kuma ya fi son ya yi gininsa a bakin fanka lokacin dogon hutu. Duk zuwa ka leƙa log, ka duba fot mai tara kurakuran CRC (saƙon da ya iso a lalace) ko wanda ya sauko 100Mbps alhali gigabit ne, yawanci waya ce ko kai ya saki. Ka zare wutar bango ka ga minti nawa batir zai riƙe. Ɗan ma'aunin zafi na dijital mai arha ka rataya a ciki, ka ce wa akawu in ya ga ya haura 40 ya kira ka.

Ɗan_Kurna ya rubuta:

Kai jama'a Allah ya saka da alheri, Allah ya ƙara buɗi. Injiniya na yi gwajin da ka ce, na cire akses foyin huɗun da kamara huɗu kafin magariba, har bayan isha'i sha biyun nan ko ɗaya ba ta ɗauke ba, na nuna wa Alhaji a kan allo da idonsa. Hajiya kuma maganarki ta fito, a ɗakin malamai na samu wata tsohuwar rauta a bayan kabad an soka mata waya biyu daga bango. Ya yarda da rak 12U da facin fanel da sabon suwic, AC ne dai ya ce a dakata.

Saura faibar, ban taɓa yi ba. Wace iri zan saya, kuma dole sai na kira masu injin haɗawa? A can ɗakin kwamfutar kuma suwic 24 biyu zan sa ko 48 ɗaya?

Injiniya_Zazzau ya rubuta:

Madalla. Tunda ba AC to ka roƙe shi a mayar da rak ɗin bangon da rana ba ta duka, a kuma sa abin jan iska a tagar.

Faiba ka ɗauki singil mod, ta waje, mai silli huɗu ko fiye ko da biyu kawai za ka yi amfani da su. Ba sai ka kira masu sifilaisin, wato masu injin haɗawa, ba in ka sayi wadda aka riga aka haɗa wa kai LC daga kamfani, amma ka auna hanyar da tef ba da ƙafa ba, ka bi duk kwanar da za ta bi da hawa bango da sauka, ka ƙara kamar mita 20 a kai, don ita ba a ƙara mata tsawo da salatif. Ka binne ta a cikin bututun PVC mai faɗi yadda kawunan za su wuce, kwana ta zama mai laushi ba a karya ta ba, kuma wajen ja igiyar jikinta ake kamawa ba kan ba. Murfin kawunan kar ka cire sai lokacin sokawa, ƙura ɗaya a bakin ta isa ta hana link tashi, kuma kar ka leƙa cikinta da ido in ɗaya ɓangaren na kunne, hasken ba a ganinsa amma yana illa.

SFP, wato ɗan kan da ake sokawa a suwic ya karɓi faiba, ka sayi 1000BASE-LX guda biyu iri ɗaya, suna kai kilomita 10 balle mita 140, ka tambaya ko suwic ɗinka na karɓarsu don wasu suna ƙin na wani kamfani. In ka soka fitila ba ta kama ba kar hankalinka ya tashi, juya sillin biyu a ɓangare ɗaya, mai aikawa ne ya haɗu da mai aikawa. In kuma aka ba ka BiDi mai silli ɗaya to su miji da mata ne, ɗaya 1310 ɗaya 1550, iri ɗaya biyu ba za su yi magana ba. Fot ɗin faibar ka mai da shi tirank, wato mai ɗaukar VLAN fiye da ɗaya, a duka suwic biyun don VLAN ɗin su wuce.

A ɗakin kwamfuta 48 ɗaya mara PoE mai ramin SFP ya ishe ka, 40 na kwamfuta, saura na firinta da na malami, a ɗan rak 6U da facin fanel 24 biyu, suwic ɗin a tsakiyarsu don facin kod ɗin su zama gajeru. In da hali SFP ɗin ka sayi uku, ɗaya ya zauna a leda a cikin rak.